Kyanwa Mai Gadin Rumbu: Yadda Ake Kiwonta

Idan kaka ta yi, aka zuba gero da dawa a rumbu, 'yan kasuwa kuma suka jibge buhunan gyaɗa da wake a sito, to, a lokacin ne ɓera yake tarewa. Macen ɓera kamar mako 3 take yi da ciki ta haihu, saboda haka biyu suka shiga rumbu, kafin bazara sun zama runduna. Ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno cikin 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓera mutum yake ɗaukarsa. Ajiye kyanwa yana cikin hanyoyin tsaro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata. Amma mai gadi sai an kula da shi yake gadi.

Abinci

Mutane da yawa suna cewa kada a ciyad da kyanwa, wai sai da yunwa za ta kama ɓera. Wannan kuskure ne. Farauta halinta ne, ko ta ƙoshi tana yi. Wadda aka bari da yunwa ita ce take buɗe tukunya, ta kama 'yan tsaki, ko ta ƙaura gidan maƙwabta. Malamai kuma sun sha jan kunne a kan alhakin wanda ya tsare kyanwa ya hana ta ci.

Kyanwa dabbar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Sai a riƙa ba ta guntattakin nama, da kayan ciki, da kifi ko ƙwai, duka dafaffu, safe da yamma. A cire ƙayar kifi da ƙashin kaza, don suna maƙale mata a wuya. Kada a ba ta miya mai albasa ko tafarnuwa, gama suna lalata mata jini. Madarar shanu kuwa takan sa yawancinsu zawo. Ruwa mai tsabta a kasko, a sake shi kullum, shi ne abin shanta.

'Ya'yan kyanwa

Kyanwa takan yi kwana 63 zuwa 65 da ciki. A tanadar mata kwando ko kwali da tsumma a lungun da babu iska, tun ba ma da hunturu ba, domin sanyi yana saurin kashe jariran. Idonsu yakan buɗe bayan kwana 7 zuwa 10. Suna yin mako 4 sai a fara ba su nama da aka farfasa ya yi laushi. Kada a raba su da uwar sai sun cika mako 8 ko fiye, domin a wurinta suke koyon farauta. A kwaɓi yara su bar jagwalgwala su.

Macen takan iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6. Wanda ba ya son su yi masa yawa, likitan dabbobi yana iya yi mata aiki ta daina haihuwa, namijin kuma a fiɗiye shi ya rage yawo da faɗa. Wannan ya fi a ɗebe su a zubar a juji.

Tsutsa da ƙuma

Kyanwa mai cin ɓera ba ta rabuwa da tsutsar ciki. Alamarta rama, da kumburin ciki, da gashi ya yi buzu-buzu. A karɓo maganin tsutsa a asibitin dabbobi, a ba babba duk bayan wata 3. Ƙuma kuwa jini take sha, har ta kashe ƙarami. A wanke shimfiɗarta a shanya a rana. Idan gashi ya zube a wani wuri ya bar da'ira, watakila makero ne, yana kuwa kama yara, sai a kai ta a duba.

Abubuwan da suke kashe ta

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda haka kada a ba ta maganin mutane. Kada a shafa mata maganin feshin gona, ko na wankan shanu, ko maganin ƙumar kare, ko kananzir, domin lashe jikinta take yi. Gidan da akwai kyanwa kuma ba a zuba gubar ɓera, gama idan ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Tarko ya fi, a kafa shi inda ba ta kaiwa.

Lafiyar mutanen gida

Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, ita kuma ta sa wa mutum. A yi mata allurar rigakafi tana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba a tashi. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, akwai wata cuta a ciki da takan taɓa ɗan tayi. Kowa ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Idan kyanwa ta yi kwana 2 ba ta ci ba, ko amai da zawo suka ƙi tsayawa, ko ido da hanci suka yi ta zuba, kada a tsaya jira. Abin da za a kashe a kanta bai kai damen dawa nawa ba, ɓera kuwa ba ya auna abin da yake ɗiba. Rigakafi ya fi magani.