GASAR KIMIYYA TSAKANIN MAKARANTU: DOKOKINTA DA YADDA AKE BA DA MAKI

Bayani domin Hakimai da Magatakardansu

Gasa tsakanin 'yan makaranta abu ne mai amfani idan an bi dokokinta. Idan kuwa aka yi son kai a cikinta, yaron da aka zalunta yakan yanke ƙauna daga karatu, ubansa kuma ya mai da shi gona yana cewa boko ta 'ya'yan manya ce. Saboda haka ya kamata hakimai da magatakarda a Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe su fahimci yadda ake shirya irin wannan gasa, domin wurinsu talakawa za su fara kai ƙara.

1. Asalin gasar

Akwai wata babbar gasar kimiyya ta yaran duniya wadda aka fara a birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya a 2004. A watan Disamba na 2010 Nijeriya ta karɓi baƙuncinta a Abuja. Kowace ƙasa takan aika yara shida, kuma tilas kada yaro ya cika shekara 16 kafin ƙarshen shekarar da ake gasar. Fannoni uku ake tambaya: ilmin halittu masu rai, da ilmin sinadarai, da ilmin ƙarfi da motsi da haske. An kawo dokokinta a nan ne domin su zama abin koyi ga ƙananan gasa da ake yi a gunduma.

2. Rabon maki

Jimlar maki 100 ne, an kasa su uku. Kashi na farko tambayoyi 30 ne, kowace da amsa huɗu a ƙarƙashinta, yaro ya zaɓi ɗaya: maki 30. Kashi na biyu tambayoyi ne da yaro zai rubuta amsarsu da lissafinsa duka: maki 30. Kashi na uku aikin hannu ne a ɗakin gwaji: maki 40.

An fifita aikin hannu ne domin kimiyya ba hadda kaɗai ba ce. Yara uku suke haɗuwa su yi aikin tare, makin da aikinsu ya samu shi ne na kowannensu. Watau mai ƙoƙari ba ya tsira shi kaɗai, sai ya ja 'yan'uwansa.

3. Tarar kuskure

A kashi na farko, amsa daidai maki ɗaya ce. Amsa ta kuskure akan cire mata rubu'in maki. Tambayar da aka bari ba a ba ta kome, ba a kuma cire mata kome.

A ƙaddara yara biyu sun san amsar tambayoyi 18. Na farko ya cika sauran 12 da ka, duka ya kuskure. Za a cire masa rubu'i sau 12, watau maki 3, ya tashi da 15. Na biyu ya gwada biyu kawai ya kuskure, ya bar goma. Za a cire masa rabin maki, ya tashi da 17 da rabi. Ilminsu ɗaya, amma wanda ya san iyakar saninsa ya wuce.

Ko da sa'a ta yi daidai da lissafi, ribar kintace kaɗan ce. Wanda ya kintaci tambayoyi 20 ana sa ran ya dace da 5, ya kuskure 15. Idan aka cire 3 da rubu'i uku daga 5, abin da ya rage masa maki ɗaya da rubu'i ne. Ya kamata magatakarda ya iya wannan lissafi, domin ya warware wa uban da ya zo yana cewa ɗansa ya amsa duka amma an kayar da shi.

4. Lambobin yabo

Ba mutum uku kaɗai ake ba lamba ba. Wajen kashi 10 cikin 100 na sama sukan sami zinariya, kashi 20 da ke biye azurfa, kashi 30 kuma tagulla. Idan yara 300 suka shiga, kimanin 30 za su sami zinariya, 60 azurfa, 90 tagulla. Hikimar wannan ita ce kada yaro mai hazaƙa ya koma gida hannu sake saboda rabin maki.

5. Sirrin tambayoyi

Malaman da suka raka yara sukan ga tambayoyin kafin ranar jarrabawa domin su fassara su. Saboda haka akan sauke su a wani masauki dabam, a karɓe wayoyin yaran, har a gama. Ba don an raina amanarsu ba ne. Rufe ƙofar zato ne.

6. Aikin hannu a gunduma

Rashin ɗakin gwaji ba zai hana gasa ba. Ruwan zoborodo yakan ƙara ja idan an ɗiga masa lemon tsami, ya koma kore-kore idan an sa masa kanwa. Da shi yara za su iya rarrabe mai tsami da kishiyarsa. Haka kuma ana iya zuba ruwa gwargwado ɗaya a kan ƙasar fadama da ta jigawa, a auna wadda ta fi riƙe shi. Alƙalai su duba abu uku: daidaiton awo, da tsabtar rubuta sakamako, da dalilin da yara suka bayar.

7. Abin da ke wuyan hakimi da magatakarda

Na ɗaya, shekarun yaro. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ita ce hujja. Idan aka nemi shaidar hakimi, kada ya sa hannu sai ya tambayi dagaci da mai unguwa. Wanda ya rage wa saurayi shekaru ya ƙwace rabon ƙaramin yaro ne, in asiri ya tonu kuwa sunan gundumar duka ke ɓaci.

Na biyu, kada malami ya duba takardar ɗalibinsa, kada kuma a rubuta suna a kanta sai lamba. Magatakarda ya ajiye jerin sunaye da lambobin a rufe har a gama dubawa.

Na uku, a karanta dokoki a gaban kowa tun kafin a fara, har da yadda za a raba waɗanda suka yi kunnen doki. Dokar da aka ƙirƙiro bayan an ga maki ba doka ba ce.

Na huɗu, a guji ranar kasuwa da lokacin girbin gero, a kuma tanadi malama mai rakiya domin iyaye su saki 'yan mata da kwanciyar rai.

Na biyar, idan ɗan hakimi ko jikansa yana cikin gasar, hakimi ya halarta ya sa albarka, amma kada shi ko ɗan saƙonsa su kusanci teburin alƙalai. Ranar da ɗan talaka ya kayar da ɗan sarki, hakimi ya miƙa masa kyautarsa da hannunsa a bainar jama'a, wannan ya fi kiran taro goma wajen cika aji.