Babi na Tara: Malamin Hausa da Wayar da Kan Jama'a Game da Annoba da Rigakafi

9.0 Gabatarwa

A yawancin ƙauyukan ƙasar Hausa, malamin makaranta shi ne wanda ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ne kuma ake tambaya idan an ji wani labari a rediyo ba a gane ba. Idan annoba ta ɓarke, abin da ya faɗa kan sa a fito da yara a yi musu rigakafi ko kuwa a ɓoye su a ƙuryar ɗaki. Don haka wannan babi zai duba ma'anar annoba da yadda rigakafi ke aiki, da matsalar kalmomi, da kuma yadda ake fahimtar alƙaluman lafiya.

9.1 Annoba da Rigakafi

Annoba ita ce cutar da ke bazuwa cikin jama'a da sauri, ta kama mutane fiye da yadda aka saba gani. Idan ta tsallaka ƙasashe da nahiyoyi, sai a kira ta annobar duniya. Haka aka yi da korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, sannan ta janye dokar ta-ɓacin da ta sanya a kanta a watan Mayu na 2023.

Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa annoba, wato wasu halittu ƙanana da ido ba ya iya gani. Jikin ɗan'adam kuwa yana da garkuwa da ke yaƙar su, tana kuma tuna kamannin ƙwayar da ta taɓa karawa da ita. A kan wannan siffa aka gina rigakafi. Akan shigar wa jiki ƙwayar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɓangare nata, ko kuma saƙon da zai sa jiki ya ƙera wannan ɓangare da kansa. Ta haka garkuwar jiki kan yi atisaye, ta yadda ranar da ƙwayar gaske ta zo za ta tarar an shirya mata. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi bayan allura yawanci alamar wannan atisaye ce.

Likitan Ingila Edward Jenner ne ya gwada rigakafin agana a 1796. A 1980 aka tabbatar an kawar da agana daga doron ƙasa, har yau kuma akwai dattawa masu ɗauke da tabon lamba a damtsensu.

9.2 Darasi daga Shan-inna

A 1988, lokacin da duniya ta ƙuduri aniyar kawar da shan-inna, cutar na shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 2003 wasu jihohin Arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafinta, saboda raɗe-raɗin cewa an gauraya maganin da sinadarin hana haihuwa. Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma samo maganin daga Indonesiya. A dalilin wannan tsaiko cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20.

Kuskure ne a ɗauki wannan turjiya a matsayin jahilci kawai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, shari'ar da aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kuma mutane sun riƙa tambayar dalilin da ya sa ake bin su gida-gida da maganin shan-inna kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai an saya masa magani.

Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar waɗanda jama'a suka yarda da su. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, malamai suka shiga wa'azi, mata kuma suka shiga gidaje suna yi wa 'yan'uwansu bayani da Hausa. A 2016 aka ga kamu na ƙarshe na asalin ƙwayar a Jihar Borno, ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Sai dai wani nau'i da kan rikiɗe daga ƙwayar da aka raunana ya ci gaba da ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ya sa ba a daina aikin ba.

9.3 Matsalar Kalmomi

Kowace kalma tana tafe da tunanin masu ita. Sunan shan-inna ya samo asali ne daga imanin cewa iskar nan Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Uwar da ta yi wannan imani za ta nufi wurin 'yan bori ne, ba asibiti ba. Aikin malami shi ne ya riƙe sunan da aka sani, amma ya bayyana cewa ƙwaya ce da ke shiga ta baki daga ruwa ko abincin da bayan-gida ya gurɓata.

Haka nan akan kira rigakafi da magani, sai mahaifi ya ce ɗansa lafiyarsa ƙalau, me zai yi da magani? Amsar tana cikin karin maganar nan, rigakafi ya fi magani: mai lafiya ake yi wa rigakafi. Akan kuma ce allurar shan-inna, alhali a zagayen gida-gida ɗigo ne a baki. A zamanin korona an kira abin rufe baki da hanci takunkumi, kalmar da asalinta ta dabbobi ce. Kafin mai fassara ya zaɓi kalma, ya kamata ya auna abin da za ta tayar a zuciyar mai sauraro.

9.4 Fahimtar Alƙaluma

Adadi shi kaɗai ba ya ba da labari sai an san cikin nawa aka cire shi. Ga misali na ƙaddarawa. Wani gari yana da yara 1,000. An yi wa 950 rigakafin wata cuta, 50 ba a yi musu ba. Da cutar ta zo, sai ta kama 19 cikin waɗanda aka yi wa, da 10 cikin waɗanda ba a yi wa ba. Mai gaggawa zai ce rigakafin banza ne, tunda masu shi sun fi yawa a asibiti. Amma 19 cikin 950 kashi 2 ne cikin ɗari, 10 cikin 50 kuwa kashi 20 ne. Ke nan haɗarin wanda ba a yi wa ba ya ninka sau goma. Wannan shi ake nufi idan aka ce ingancin rigakafi kashi 90 ne cikin ɗari.

Sannan adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu ya dogara ne ga yawan waɗanda aka gwada, don haka ƙarancinsa ba lallai ne ya nuna ƙarancin cuta ba. Akwai kuma garkuwar al'umma: idan mafi yawan jama'a suna da kariya, cuta kan rasa hanyar wucewa, jarirai da marasa lafiya su tsira. Ƙyanda, saboda saurin yaɗuwarta, tana buƙatar kimanin kashi 95 cikin ɗari.

9.5 Nauyin da ke Kan Malami

(a) Ya tantance labari kafin ya isar da shi. A watan Agusta na 2014 jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ibola ta game Nijeriya cikin dare ɗaya, ta kwantar da mutane a asibiti, har da asarar rai.

(b) Ya saurari tsoron iyaye ba tare da raini ba.

(c) Kada ya ɓoye illolin da aka sani, kamar kumburi ko zazzaɓi, domin ƙarya ɗaya kan rushe amanar shekaru.

(d) Abin da bai sani ba ya tura wurin ma'aikacin lafiya.

(e) Ya yi amfani da insha'i, muhawara, waƙa da wasan kwaikwayo, domin abin da yaro ya koya a aji yakan kai shi gida.

9.6 Kammalawa

An ga cewa samuwar rigakafi ba ta wadatarwa sai jama'a sun fahimta sun kuma amince. Fahimta tana buƙatar harshen da suke ji, amincewa kuwa tana buƙatar gaskiya daga bakin wanda suka sani. Malamin Hausa yana da duka biyun a hannunsa.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda rigakafi ke aiki da Hausar da ɗan aji huɗu na firamare zai gane.
2. Kawo dalilai biyu da suka haifar da turjiyar 2003.
3. A misalin da ke 9.4, yara nawa ake sa ran za su kamu da a ce ba a yi wa kowa rigakafi ba?
4. Tattaro sunayen cututtuka biyar a karin harshen yankinku, ka bayyana tunanin da ke ƙunshe cikin kowane suna.