Sauraron Rubutaccen Wasan Fim ta Bakin Mutum da ta Bakin Na'ura

Maganganun da ke cikin rubutaccen wasan fim sai sun fito daga baki sun shiga kunne kafin a iya sanin ingancinsu. Wannan ne ya sa masu shirya fim a Amurka suka daɗe da al'adar tara 'yan wasa su zauna kewaye da tebur, kowa ya karanta maganar wanda zai fito a matsayinsa, marubuci kuwa yana gefe ya kasa kunne. A nan ne yakan gane jimlar da ta yi wa numfashi tsawo, da barkwancin da bai sa kowa dariya ba. A ƙa'idarsu, shafi ɗaya yakan ci kimanin minti ɗaya a majigi, saboda haka wasa mai shafi 120 yakan kai awa biyu, kuma tara mutane su ba da wannan lokaci ba ƙaramin aiki ba ne ga marubucin da bai yi suna ba.

Zuwan intanet ya buɗe hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ɗauki muryoyin 'yan wasa na gaske a watsa. Misali, The Black List, wadda Franklin Leonard ya fara a 2005 don fito da kyawawan wasannin da ba a mayar da su fim ba, ta soma irin wannan shiri na sauti a 2015. Ta biyu kuwa ita ce na'ura ta yi karatun. Manhajar Final Draft tana ba marubuci damar raba wa kowane ɗan wasa muryar kwamfuta, sannan kamfanoni irin su ElevenLabs, wanda aka kafa a 2022, sun kai ga ƙera muryoyin da ke da wuyar bambantawa da na mutum.

Amfanin na'ura a fili yake. Ba ta gajiya, kuma ba ta tsallake kuskure don kunyar mai shi. Yadda aka rubuta haka za ta furta. Sai dai ɗan wasa yakan yi abin da ba ta yi, wato ya tsaya ya tambayi marubuci dalilin da ya sa wance za ta faɗi haka ga mijinta, kuma sau da yawa daga irin wannan tambaya gyara na gaske yake fitowa. Akwai kuma batun abinci: mallakar murya da siffar ɗan wasa na cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin ƙungiyar SAG-AFTRA daga Yuli zuwa Nuwamba 2023, wanda ya ƙare da sharaɗin neman izini da biyan lada.

Ga mai nazarin Hausa, matsalar ta fi haka zurfi, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zama ko kuma abin tuƙa tuwo, amma wannan mai sauƙi ne, tunda kalmomin da ke kewaye da ita kan warware ta. Wadda ta fi wuya ita ce jimla kamar "Ya tafi." Idan aka ja wasalin "ya" da karin sama, tafiyar ta riga ta auku. Idan aka gajarta shi da karin ƙasa, umurni ne ake bayarwa a sallami mutum. Idan kuwa karin ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, ana nufin dai wataƙila zai tafi nan gaba. A fitowar da uwargida ta amsa wa maigida da waɗannan kalmomi biyu game da baƙonsu, ɗan wasa Bahaushe zai duba abin da ya gabata ya zaɓi karin da ya dace. Na'urar da ta zaɓi wani daban ta mayar da ba da labari ya zama korar baƙo, marubucin kuma yana iya ɗora laifin a kan alƙalaminsa har ya soke jimlar da ba ta da aibi.