Mudun Gaskiya a Takardar Jarrabawa

Darasi domin iyali. A karanta Littafin Firistoci 19:35-36, Karin Magana 14:15 da Ayyukan Manzanni 17:10-12.

Daga watan Maris zuwa Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa a ƙasar Katagum, gidajen da ke da 'yan ajin ƙarshe na sakandare sukan shiga wani hali na dabam. A Chinade, kamar yadda yake a Azare da ƙauyukan kewaye, bayan addu'ar dare akan bar yaro ko yarinya a tsakar gida da fitila mai caji da tarin tambayoyin shekarun baya. Jarrabawar WAEC takan zo wajen Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, daidai lokacin da ruwan shuka ke sauka, uba kuma yana bukatar hannu a gona. An riga an biya kuɗin rajista. A wani gidan sai da aka fitar da akuya ko buhun gero kafin kuɗin su cika.

A cikin darussan da ake bita, Fiziks ne iyaye suka fi ja da baya a kansa. Alhali ɗalibin da ke marmarin aikin likita, ko jinya, ko injiniya, ba shi da hanya sai ya sami kiredit a cikinsa, wato daga C6 zuwa sama. Sau da yawa uwa takan ce, "Ni ban yi boko mai zurfi ba, nawa addu'a ce." Addu'ar kuwa wajibi ce, kada a fasa. Amma akwai wani aikin da ya rage a hannun iyaye, wanda ba ya bukatar takardar shaida, shi ne koya wa yaro ya auna amsarsa da kansa kafin ya yarda da ita.

Rijiya mai gaba ɗari

A ɗauki misalin wata yarinya a wani gidan masu bi a Chinade. Tambayar da ke gabanta sananniya ce: an saki dutse daga bakin rijiya, ya taɓa ruwa bayan daƙiƙa 2, a nemo zurfin rijiyar. An ce ta ɗauki jan ƙasa, wanda ake rubutawa g, a matsayin 10, ma'ana gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce h = ½gt². Yarinyar ta ninka 10 da 2 ta sami 20, ta ninka 20 da kansa ta sami 400, ta raba biyu, ta rubuta mita 200. Ta ja layi a ƙarƙashi, za ta wuce.

Mahaifinta manomi ne, yana gefe yana gyaran fartanya. Ya ce, "'Yata, faɗa mini da Hausa abin da aka tambaye ki." Ta faɗa. Ya ce, "Mita ɗari biyun nan gaba nawa ke nan?" Suka auna gabansa da rula, ya kusa mita biyu. Ya ce, "Ashe rijiyarki ta wuce gaba ɗari. Igiyar gugarmu gaba goma sha biyu ce, har da saura. Wane ne ya haƙa taki?" Ta yi dariya, ta ce, "Baba, a takarda ce." Ya ce, "Ko a takarda, ai rijiya rijiya ce."

Da ta koma kan aikin sai ta ga inda ta kauce. Lokacin ne kaɗai ake ninkawa da kansa, ba tare da g ba. Biyu sau biyu huɗu, sau 10 arba'in, rabinsa mita 20. Wannan kuwa ya yi daidai da irin rijiyar da mahaifinta ya sani. Mutumin bai san ƙa'idar ba, bai kuma gyara mata lissafi ba. Abin da ya yi shi ne ya hana ta karɓar lambar da ba ta yi kama da duniyar da Allah ya halitta ba. Fiziks bayani ne a kan wannan duniyar, wadda manomi da mai ɗiban ruwa da ɗan acaɓa suke taɓawa kowace rana, don haka shaidarsu tana da nauyi a cikinsa.

Haka yake da tambayar gudu. Mashin ya yi tafiyar kilomita 30 cikin minti 45. Ɗalibi mai gaggawa zai raba 30 da 45, ya sami 0.67, ya rubuta cewa kilomita 0.67 ne a awa. Duk wanda ya taɓa hawa mashin zuwa kasuwar Azare ya san ko tsohuwa mai sanda ta fi wannan sauri. Minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa, saboda haka gudun kilomita 40 ne a awa, wato kusan mita 11 a daƙiƙa.

Lamba ba ta tafiya ita kaɗai

Abin lura a misalin mashin shi ne lambar 0.67 ba ƙarya ba ce. Kilomita 0.67 ne a minti. Ma'aunin da aka liƙa mata ne ya mai da ita ƙarya. Macen da ta aiki yaro kasuwa ta ce ya sayo gero "uku" ba ta gama magana ba, sai ta faɗa ko mudu uku ne, ko tiya, ko buhu. Haka mai duba takarda yake kallon amsar da aka rubuta "20" ba mita, ba daƙiƙa, ba komai. Rahotannin da manyan masu duba takardu na WAEC suke fitarwa sun sha ambaton wannan rauni: ɗalibai suna barin ma'auni, suna zaɓen sikelin da bai dace ba wajen zanen giraf, suna rubuta abin da suka auna ba bisa tsari ɗaya ba. Makin da ke zubewa ta nan ba na rashin ilimi ba ne, na sakaci ne, shi ya sa ya fi ciwo.

Ma'auni kuma yana iya tona kuskure tun kafin a duba amsa. Da yarinyar nan ta bi ma'auninta, da ta ga cewa g sau lokaci yana ba da gudu, mita a daƙiƙa, gudu kuma in an ninka shi da kansa ba zai taɓa komawa mita zalla ba. An tambaye ta zurfi, abin da ya fito ba zurfi ba ne.

Kada a ɗauka wannan matsalar yara ce kawai. A watan Disamba na 1998 hukumar NASA ta Amurka ta harba wani kumbo zuwa duniyar Mars. A watan Satumba na 1999, da ya isa can, sai ya ɓace. Bincike ya nuna cewa wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, ɗayan rukunin kuma ya karɓi lambobin a kan cewa ma'aunin niyuton ne. Masana ne dukansu, kwamfutocinsu kuma ba su yi kuskuren ninkawa ba. Ba a dai tsaya an tabbatar da wane mudu ake awo da shi ba.

A Littafin Firistoci 19, Ubangiji ya sa maganar awon tsawo da na nauyi da na yawa a cikin sura ɗaya da maganar girmama iyaye da ƙaunar maƙwabci, ya kuma rufe ta da ambaton sunansa. Umarnin ya fara shafar ciniki, wannan gaskiya ne, kada a ja nassi zuwa inda bai je ba. Duk da haka halin da yake nema ɗaya ne a kasuwa da a ɗakin gwaji. A takarda ta uku ta Fiziks, wadda ake yi da hannu, ana ba ɗalibi rula da agogo da waya da batir ya auna da kansa. Jarabar da ke nan ita ce ya san amsar da ake tsammani, sai ya gyara lambobinsa domin ɗigogin giraf su hau layi sumul. Wanda ya rubuta abin da bai gani ba ya yi awo da mudu biyu. Ma'aikaciyar jinyar da ta saba da haka tun tana sakandare, wata rana zafin jikin majiyyaci za ta rubuta ba tare da ta auna ba.

Amsar da ke bayan littafi

Littattafan tambayoyin baya da ake sayarwa a kasuwa suna da amfani ƙwarai, amma mutane ne suka buga su, kuskure kuma yakan shiga. Wani lokaci littafi biyu su ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya. Wani lokaci bambancin ƙarami ne, domin ɗaya ya ɗauki g a matsayin 10, ɗayan ya ɗauki 9.8, sai rijiyar mita 20 ta zama 19.6. Wani lokaci kuwa amsar da aka buga ce ba daidai ba ɗungum. Abin tausayi shi ne ɗalibin da ya yi aikinsa daidai, ya leƙa baya, ya ga wata lamba dabam, ya goge nasa ba tare da ya tambaya ba.

Littafi Mai Tsarki ya yabi mutanen Biriya a kan wani abu da ya kamata ya ba mai karatu mamaki. Manzo Bulus ne da kansa yake koya musu, sun kuma karɓi maganarsa da marmari, amma suna komawa ga Littattafai kowace rana su ga ko haka ne. Ba a kira wannan raini ba, an kira shi halin kirki. In an yaba wa waɗanda suka bincika koyarwar manzo, to, ba laifi ba ne ɗalibi ya bincika shafin ƙarshe na littafin da aka sayo a kasuwa. Karin Magana 14:15 ta bambanta marar wayo, mai gaskata duk abin da ya ji, da mai hankali wanda yake duba inda zai sa ƙafa.

Hanyar bincike mafi ƙarfi ita ce a bi wata hanya dabam a ga ko za a fito wuri ɗaya. Dutsen nan ya fara daga tsaye, bayan daƙiƙa 2 gudunsa ya kai mita 20 a daƙiƙa. Tun da gudun yana ƙaruwa daidai wa daida, matsakaicinsa 10 ne. Goma sau daƙiƙa 2, mita 20. Shaidu biyu sun yi magana ɗaya. In littafi ya ce 40, ɗalibar tana da hujjar da za ta kai wa malaminta washegari cikin ladabi, ta ce, "Malam, ga yadda na bi, a duba mini." Saboda wannan ne ya kamata a rufe shafin amsoshi har sai an gama aiki, a kuma rubuta kowane mataki: ƙa'ida, sa lambobi, sa'an nan amsa da ma'auninta. A takardar rubutu akan ba da maki a kan matakan, ko da lambar ƙarshe ta kauce.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafi ekklisiya. Yaron da ya yi wata uku yana kwafe amsa daga bayan littafi ba tare da ya gwada ta ba ya riga ya koyi dogara ga amsar da wani ya miƙo masa. Daren jarrabawa, in saƙo ya shigo waya cewa ga tambayoyin gobe da amsoshinsu, a turo kuɗi kaza, ba shi da abin da zai tsaya a kai. Daga nan zuwa cibiyoyin da ake yi wa laƙabi da "na mu'ujiza" tafiyar ba ta da nisa, sunan ma kaɗai ya isa ya sa mai bi ya ji kunya. Dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta tanadi hukunci, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe ko su soke sakamako. Amma ko ba a kama kowa ba, uban da ya biya kuɗin ya koya wa ɗansa darasin da makarantar Lahadi za ta daɗe ba ta kankare ba. Sau da yawa ba mugunta ce ke kai iyaye can ba, tsoro ne kada akuyar da aka sayar ta tafi a banza. Dattawan ekklisiya da zumuntar mata za su fi taimako in sun nemo malamin kimiyya ko ɗalibin kwaleji daga cikin 'yan'uwa ya zauna da yaran sau ɗaya a mako tun daga Janairu, maimakon a jira sai sakamako ya fito a yi faɗa.

Gwajin da za a yi a gida

Ana rubuta jarrabawar da Turanci, amma bita a gida ta fi kyau da harshen da uwa take ji. Yaron da ya kasa bayyana wa mahaifiyarsa dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi bai fahimci darasin zafi ba tukuna, ko ya haddace ma'anarsa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Da wannan sanin ne Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa maƙwabciya, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000.

Ga wani gwaji da iyali za su yi tare cikin watannin nan. A sami zare mai tsawon mita 1 daidai, a ɗaura ƙaramin dutse, a rataye shi a reshe ko a ƙofar ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. A ja shi gefe kaɗan a sake. Ƙane ya riƙe agogon waya, uwa ta ƙirga lilo 20, tafiya da dawowa a matsayin ɗaya. Za a sami kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane lilo. Ɗalibin ya sa wannan a ƙa'idar g = 4π²l/T², zai sami abin da ya kusa 9.9. In ya sami wajen 39, kada a gaya masa inda ya kauce. A bar shi ya gano da kansa cewa tafiya kaɗai aka ƙirga, aka manta da dawowa. In kuwa ya sami 9.4 ko 10.3, ya rubuta abin da ya samu yadda yake, ya sake auna zaren daga inda aka rataye shi zuwa tsakiyar dutsen, sa'an nan a sake ƙirgawa.