Yadda Ake Gane Nau'in Mujiya Daga Fuska, Ido da Kuka

Duk tsuntsun da ya yi kuka a kan soro bayan isha'i, a wurin yawancin mutane sunansa ɗaya: mujiya. Daga nan sai a nemi tsari a ja ƙofa. Masana tsuntsaye kuwa sun ƙirga nau'in mujiya kusan 250, suna zaune a kowace nahiya ban da Antatika. Akwai 'yar mitsitsiya a kudu maso yammacin Amurka da Meziko mai nauyin giram 40 kacal, akwai kuma ƙatuwa mai kamun kifi a gabashin Rasha da tsibirin Hokkaido na Japan wadda kan wuce kilo 4. A ƙasar Hausa da kewayenta, nau'i bakwai zuwa takwas ne mai lura zai fi cin karo da su, kuma ana iya bambance su ko babu na'urar hangen nesa, in dai an bi matakan nan bi da bi.

Mataki na 1: A nemo inda take

Da rana ya fi sauƙi, domin tana zaune wuri ɗaya. Ƙananan tsuntsaye ne ke tona mata asiri: in aka ji sun taru a kan darbejiya ko tsamiya suna ta tsiwa, suna kai farmaki cikin ganye suna dawowa, sau da yawa mujiya ce a maƙale jikin reshe. Wannan tsangwamar ce ta sa ake cewa an mai da wane mujiya.

Alama ta biyu tana ƙasa. Farin kashi da ya taru a gindin bishiya, ko a jikin bangon kango, yana nuna wurin kwananta ne. A duba kogon kuka, da tsohuwar rijiya, da rufin makaranta ko sito. In da dare ne, a yi amfani da tocila mai rangwamen haske, a haska na ɗan lokaci a kashe.

Mataki na 2: A dubi zagayen fuska

Nan ne babban rabo yake, domin mujiyoyin duniya gida biyu ne. Gida na farko, mai nau'i kusan 20, shi ne na masu fuska mai siffar zuciya, da dogayen ƙafafu, da ƙananan baƙaƙen idanu. Farcen yatsarsu ta tsakiya yana da 'yan haƙora da suke taje gashi da su. Wakiliyarsu a nan ita ce farar mujiyar gari, mai farin ciki da baya ruwan zuma gauraye da toka, wadda ke kwana a rumbuna da rufin gidaje.

Gida na biyu ya kwashe duk sauran, fiye da nau'i 200. Fuskarsu zagayayyiya ce, idanunsu manya. Saboda haka in fuskar zuciya aka gani cikin gari, an gama. In zagayayyiya ce, sai a ci gaba.

Mataki na 3: Akwai tukkaye ko babu?

Tukkaye biyun da ke tsaye a kan wasu mujiyoyi gashi ne zalla. Kunnuwan gaskiya ramuka ne a gefen fuska, gashi ya rufe su, kuma a wasu nau'o'in ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, abin da ke taimaka musu su san daidai inda ɓera ke motsi cikin duhu. Amma tukkayen suna raba gida na biyu kashi biyu. Masu su sun haɗa da manyan mujiyoyi da ake kira duji, da mujiya mai farar fuska, da 'yar ƙaramar mai launin ɓawon itace. Marasa su kuwa su ne ƙaramar mai ɗige-ɗige da babbar mai kamun kifi.

Sai dai a yi haƙuri a jira. Mujiya kan kwantar da tukkayenta in hankalinta a kwance yake, ta miƙe su in ta tsargu.

Mataki na 4: A auna girma da tsuntsun da aka sani

Kurciya, tantabara, zabo: ma'auni uku ke nan. Wadda ba ta kai kurciya ba, wato santimita 17 zuwa 20, ɗaya ce cikin biyu, ko mai launin ɓawon itace ko mai ɗige-ɗige. Mai farar fuska daidai kurciya take, kusan santimita 25. Farar mujiyar gari takan kai 35, tsaran tantabara. Duji mai ruwan toka, mai son duwatsu da kwazazzabai, ya wuce 40. Wanda ya kai zabo tsawo ko ya fi shi, har santimita 66, shi ne duji mafi girma a Afirka.

Mataki na 5: A kalli ƙwayar ido

Idon mujiya ba ya juyawa cikin gurbinsa, shi ya sa take juya kan gaba ɗaya, har digiri 270, da ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na ɗan Adam. Wannan ya sa in ta waiwayo, launin idon yakan fito sarai.

Ido ruwan goro cikin farar fuska mai baƙin gefe, na mai farar fuska ne. Ido rawaya a ƙaramin jiki mai tukkaye, na mai launin ɓawon itace ne. In babu tukkaye, ga doguwar jela da fararen ɗige-ɗige, a jira ta juya ƙeya, za a ga baƙaƙen tabo biyu masu kama da idanu. Duji mai ruwan toka idonsa ruwan ƙasa ne mai duhu. Babban dujin kuwa fatar idonsa ruwan hoda ce, ana hango ta duk ƙiftawa. A hamadar arewacin Nijar akwai wani duji mai launin rairayi da ido ruwan goro.

Wasu na cewa mai rawayan ido da rana take farauta. Ba doka ba ce: mai ɗige-ɗige tana fita da rana, amma mai launin ɓawon itace sai dare ya yi.

Mataki na 6: A saurari kuka

Kukan da ya fi tsorata mutane, doguwar ƙara mai kaifi daga sama, na farar mujiyar gari ne. 'Ya'yanta kuma huci suke yi daga cikin rufi in suna neman abinci. Mai launin ɓawon itace tana cewa “kurrup” sau ɗaya, ta yi shiru 'yan daƙiƙu, ta maimaita, har a ɗauka kwaɗo ne. Mai farar fuska gaɓa biyu take yi masu taushi. Mai ɗige-ɗige fito take yi yana hawa yana ƙara ƙarfi, sannan ya gangaro. Babban duji gurnani ne mai zurfi da ake ji daga nesa. A ɗauki sautin a waya, a kwatanta da na shafin xeno-canto.

Mataki na 7: A haɗa da mazauni da abin da ta ci

Mujiya ƙatuwa, ja-ja, mai baƙin ido da ƙafafu marasa gashi, a kan reshen da ya rufa ruwa, mai kamun kifi ce. Ana samunta a bakin kogin Gaji cikin Yankari. A 1850 aka raɗa mata sunan Hendrik Pel, jami'in Holan da ya yi aiki a gaɓar Gana. Wadda ta tashi daga cikin ciyawar fadama da yammaci kuwa mujiyar fadama ce, a ƙasa take sheƙa.

Mujiya na haɗiye ƙaramin nama ɗungurungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. A fasa dunƙulen da tsinke, a wanke hannu bayan an gama. Baƙi mai sheƙi cike da kawunan ɓera da jaɓa na farar mujiyar gari ne. Ƙanana masu fikafikan ƙwari na ƙananan nau'o'in ne. Fatar bushiya da aka feɗe aka yar a gindin bishiya aikin babban duji ne.

Mataki na 8: A rubuta, a bar ta a wurinta

A rubuta rana da wuri da lokaci da alamomin da aka gani, a haɗa da hoto. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai don taswirar tsuntsayen Najeriya, ana kuma iya sa su a shafin eBird. Kada a taɓa sheƙa ko ƙwai. In binciken ya nuna farar mujiyar gari ce a kusa da rumbu, manomi ya yi dace, domin takan ci ɓera uku zuwa huɗu a dare. A gonakin kwakwar manja na Maleshiya har akwatuna ake kafa mata a kan sanduna don ta zauna ta hayayyafa.