WURIN ZAMAN ƊAN RIƘO RAN KIRSIMATI

'Yan'uwa cikin Ubangiji, kafin mu shiga darasin nan, sai kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta 2 Samu'ila sura 9 dukanta. Ayoyi 13 ne kaɗai. Kuna karatu kuna ƙidaya sau nawa aka ambaci cin abinci a teburin sarki.

Watan Kirsimati ya kama. Tashoshin mota sun cika, masu aiki a Kaduna da Legas suna neman hanyar gida, tela kuwa ba ya barci. Ran 25 ga wata, in an tashi daga sujada, iyali za su taru kan shinkafa da nama. Kaka za ta zauna tana duban jikoki ɗaya ɗaya, tana cewa wannan hancin ubansa ne, wancan kuwa tafiyar kakansa. Amma a gidaje da yawa akwai yaro guda wanda ba a cewa ya yi kama da kowa, gama ba a gidan aka haife shi ba. A kansa darasinmu ya ke. Za mu fara da labarin wata ƙasa mai nisa, inda aka yi ta ɗaukan yara ana ƙetare teku da su, sa'an nan mu komo gida.

An yi yaƙi a ƙasar Koriya daga 1950 zuwa 1953. Yaƙin ya bar marayu masu yawa, da kuma 'ya'yan da sojojin ƙasashen waje suka haifa da matan ƙasar suka tafi suka bari. Wani manomi mai bi a jihar Oregon ta Amurka, Harry Holt, da matarsa Bertha, suka ga hotunan yaran nan, abin ya taɓa zuciyarsu. Suna da 'ya'ya shida na cikinsu, duk da haka cikin 1955 Harry ya tafi Koriya ya komo da yara takwas. Dokar lokacin ba ta yarda gida ɗaya ya ɗauki fiye da biyu daga waje ba, sai da majalisar Amurka ta yi masu doka ta musamman. Cikin 1956 suka kafa ƙungiya domin wannan aiki, masu bi da yawa kuwa suka bi sawunsu. Tun daga lokacin an kai yaran Koriya wajen 200,000 zuwa Amurka da Turai da waɗansu wurare.

Hanyar ba gajeriya ba ce. Miji da mata sukan cika takardu, a zo a bincika gidansu da aikinsu da halinsu, su biya kuɗi masu yawa, su yi jira shekara ɗaya ko biyu ko fiye, ba su da kome a hannu sai hoton yaro. Kirsimati yakan zo ya wuce, hoton yana jingine a bango. Kada mu rena ƙaunar irin waɗannan mutane. Mun san yara da yawa sun sami uwa da uba na gaskiya ta wannan hanya.

Amma bari mu shiga zuciyar yaron a bikinsa na fari. Ɗaki ya cika da baƙi, kowa yana so ya ɗauke shi. Ba ya jin harshensu, ƙanshin abincin baƙo ne gare shi, har sunan da su ke kiransa da shi ba shi ne wanda ya sani ba. Sa'anda ya yi girma, bikin ya zama nasa, amma wata tambaya tana binsa. Wani kawu zai ce masa, “Kai dai ka yi sa'a, sai ka gode.” Ba wanda ya ke faɗa wa 'ya'yan ciki haka a kan abinci. A can Koriya kuwa suna da bikinsu na kaka, Cusok, ran 15 ga watan takwas na lissafin wata, inda dangi su ke taruwa su ci wainar shinkafa su ziyarci kaburburan kakanni. A wani gida can akwai tsohuwa wadda in ta ƙidaya 'ya'yanta ran nan, ɗaya ba ya nan. Yaron yana da gida biyu, ɗaya ana gani, ɗaya ba a gani.

Dole kuma mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Cikin Maris 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Koriya ta Kudu ta bayyana cewa an rubuta waɗansu yara marayu alhali iyayensu suna da rai, an kuma musanya sunayen waɗansu, gwamnati kuwa ba ta tsare su ba. Kusa da mu ma an yi. Cikin Oktoba 2007 aka kama waɗansu Faransawa a Abeshe ta ƙasar Cadi suna shirin tashi da yara 103, suna cewa marayun Darfur ne, ashe yawancinsu 'yan Cadi ne masu uwa ko uba. Cikin 2010, bayan girgizar ƙasa ta Haiti, aka tsare 'yan ekklesiya goma daga Amurka da yara 33 a kan iyaka ba tare da takardu ba. Ƙauna marar bincike takan raba uwa da ɗanta. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Hague cikin 1993, cewa a fara neman hanyar da yaro zai zauna wurin danginsa, in ba hali a nema masa gida cikin ƙasarsa, ƙetare teku ya zama na ƙarshe. Habasha ta rufe ƙofa cikin 2018, Sin kuma cikin 2024. Cikin 2004 yara kusan 23,000 aka kai Amurka daga waje, cikin 2023 kuwa ba su kai 1,500 ba.

To, yanzu mu koma wurin Dawuda. Wanda ya ƙidaya ya sami sau huɗu: aya 7, da 10, da 11, da 13. Mefiboshet maraya ne, gurgu tun yana ɗan shekara biyar, yana ɓoye a Lo-debar a gidan Makir. Jikan Saul ne kuwa, mutumin da ya yi ta farautar ran Dawuda. Sarki ya sa aka kawo shi, ya ba shi wurin zama kullum kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Ba ran idi kaɗai ba, ba kuwa a bakin ƙofa tare da barori ba.

Ga abin da mutane sukan tsallake. Dawuda bai share asalinsa ba. Da ganinsa ya kira shi da sunansa. Ya ambaci ubansa Jonatan a gabansa. Ya mayar masa da dukan gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su riƙa noma masa. Wurin zama cikakke a sabon gida, da gādo cikakke na tsohon gida, duka biyu ya ba shi. A ganinmu nan ne waɗansu masu ɗaukan yara suka yi kuskure: sun ba da na fari da zuciya ɗaya, amma suna tsoron na biyu, sai ka ce in yaro ya tambayi uwarsa ya butulce masu. Musa ya girma a fādar Fir'auna, bai rasa kome ba, amma da ya kai shekara 40 zuciyarsa ta tashi ya je ya ga 'yan'uwansa (Ayyukan Manzanni 7:23). Haka manya da yawa waɗanda aka ɗauke su suna jarirai su ke komawa Koriya, da ɗan hoto a hannu, suna neman uwa. Wannan ba butulci ba ne.

Kirsimati kansa labarin riƙo ne. Yusufu bai haifi Yesu ba, amma shi ya raɗa masa suna, ya gudu da shi Masar, ya ciyad da shi da guminsa. Manzo Bulus kuwa, cikin Galatiyawa 4:4-5, ya nuna dalilin haihuwar nan, watau domin mu da mu ke bare a karɓe mu 'ya'ya. Ku lura, dukan gardamar wasiƙar nan ita ce ba sai mun zama Yahudawa ba tukuna. Bahaushe ya shigo da Hausarsa, mutumin Koriya da harshensa.

Mu a nan muna da riƙo tun kaka da kakanni, mukan ce ɗa na kowa ne. Al'adarmu ta tsare abu na biyu da kyau, gama ɗan riƙo ya san sunan ubansa da garinsu. Inda mu ke faɗuwa shi ne abu na fari. Tashin hankalin shekarun nan ya bar marayu a hannun 'yan'uwa da yawa cikin ekklesiyoyinmu, ba dukansu ne kuwa su ke ci a kwano ɗaya da 'ya'yan gida ba. Wata shekara, a wani ƙauye inda muka yi hidima, muka shiga gidan wani mai bi barka da Kirsimati. Yara huɗu sanye da atamfa iri ɗaya suka fito suka gaishe mu. Ta biyar tana bayan ɗaki tana wankin tukwane da tsohuwar rigarta. Muka tambaya, uwargida ta ce yadin bai isa ba. Muka yi shiru, muka ci shinkafa, muka yi addu'a muka tafi. Har yau shirun nan yana damunmu.

Saboda haka muna roƙon dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, a zauna kafin Lahadi ta biyu ga wata a rubuta sunan kowane ɗan riƙo da ke cikin ekklesiya. A tambayi abu biyu a kan kowanne: an kai ɗinkinsa wurin tela tare da na sauran yara? In yana da uwa ko kaka da rai, wa zai kai shi ya gaishe ta kafin sabuwar shekara? Inda kuɗin mota ya gagara, a kawo maganar gaban ma'aji.