Maganin Sanyaya Injin Mota: Iyakar Amfaninsa

A watan Afrilu, sa'ad da zafin rana a ƙasar Kano kan kai digiri 40, ba wuya mai bin hanyar Kano zuwa Wudil ya ga mota tsaye a gefen titi, an buɗe kanta, tururi na tashi. Abin ya fi yawa ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, gama manyan motoci kan yi lodin shanu a kara, su jeru kusa da gada suna tafiya sannu sannu. A irin wannan lokaci ne masu sayar da kayan mota kan yi tallan waɗansu 'yan kwalabe, suna cewa in an tsiyaya su a lagireto inji ba zai ƙara yin zafi ba. Da yake hakimai suna da motocin rangadi, malamansu kuwa su ke rubuta kuɗin gyara, kuma akan kawo musu ƙara tsakanin direba da mai mota a kan injin da ya ƙone, ya kyautu su san iyakar gaskiyar wannan zance.

Man da inji ke ƙonawa ba dukansa ke zama tafiya ba. Wajen sulusin zafinsa yakan tsaya a jikin ƙarfe, ruwa ne kuwa ke kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ta cikin inji, ya ɗauko zafi, ya kai lagireto, inda ya ke bi ta cikin siraran bututu. Iskar da ke ratsa tsakaninsu, ko ta gudun mota ko ta fanka, ita ce ke ɗauke zafin. Watau ruwa kamar jaki ne mai jigila: yana ɗaukar kaya a wuri guda, yana saukewa a wani.

Abin da ake zubawa a ruwan nan iri biyu ne, mutane kuwa sukan gama su da suna ɗaya. Na fari shi ne ruwan nan mai launi, kore ko ja, wanda ake sayarwa a galan. Tushensa wani sinadari ne mai suna etilin gilaikol, wanda aka soma sayar wa masu mota a Amurka wajen 1927 domin kada ruwa ya daskare da sanyin hunturunsu. In an gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Wannan kam ba damuwar mutanen Wudil ba ce. To, amma ga abin da masu talla ba su faɗa: ruwa zalla ya fi wannan haɗi iya ɗaukar zafi. Haɗin rabi da rabi yana kasa ruwa da wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wanda ya zuba shi tsantsa kuwa, da zaton yawansa shi ne kyaunsa, ya rage wa jakinsa ƙarfi ke nan.

Duk da haka kada a ce ba shi da amfani. Yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kiyaye famfo, kuma yana jinkirta tafasa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, haɗin kuwa sai wajen 107. Injunan yanzu da yawa na alminiyam ne, ruwa zalla yana cin su a hankali, saboda haka masu ƙera motoci suka ce a yi amfani da shi ko a ƙasar zafi. Aikinsa tsawaita ran inji ne. Sanyi ba ya ƙara masa.

Iri na biyu shi ne na ƙaramar kwalba, wanda a kansa ake yawan gardama. Aikinsa ya yi kama da na sabulu: yana sa ruwa ya lafe sosai a jikin ƙarfe, ya rage 'yan kumfan tururi da ke taruwa a wuraren da suka fi zafi, su tsare ruwa daga taɓa ƙarfen. Wannan gaskiya ne. Masu tseren mota a Turai da Amurka sun san shi, gama a filayen tsere da yawa an hana gilaikol saboda santsinsa in ya zube, sai su zuba ruwa zalla da wannan magani. A can yakan ɗan taimaka. In an zuba shi a kan haɗin rabi da rabi kuwa, taimakon ƙanƙane ne ƙwarai.

Dalilin da ya sa mai lafiyayyar mota ba zai ga bambanci ba shi ne wata 'yar ƙofa da ke tsakanin inji da lagireto, wadda kanikawa ke kira tamostat. Ba ta buɗewa sai ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, in ya yi sanyi kuma ta rufe da kanta. Ko da magani ya sanyaya ruwan, ƙofar za ta ƙara tsukewa, allurar zafi ta koma inda ta ke. Haka aka nufa, domin inji ya fi aiki da kyau da ɗuminsa. Kanikawan da ke cire ƙofar nan su yar, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce, ba su yi wa mai mota gwaninta ba: da asubar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ya kuma yi saurin cinyewa.

Motar da ke zafi kuwa, akwai abin da ya lalace a jikinta, magani ba ya gyara shi. Mafi yawa a lagireto ne. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari sukan toshe shi ta waje, iska ta kasa wucewa. Ta ciki kuma, ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yakan bar farin ɓawo irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ruwan kogin Wudil da yaran mota ke ɗiba da damina yakan bar laka. In wurin sauke kaya ya cushe, saurin lodi ba ya amfana wa jaki kome. Bayan wannan sai a duba fambel ko ya saki, fanka ko tana juyawa, da tiyo ko yana yoyo.

Akwai kuma murfin lagireto, wanda aka fi rainawa. Shi ke matse ruwa a ciki, matsin nan kuwa yana ɗaga tafasar ruwa zalla zuwa wajen digiri 120, na haɗin kuma kusan 129. In robarsa ta mutu, ko an maye gurbinsa da tsumma, ruwa zai tafasa tun inji bai yi zafin kirki ba. Sau da yawa sabon murfi bai kai kuɗin kwalbar maganin ba. Garin barkono da ɗanyen ƙwai da waɗansu ke zubawa don tsai da yoyo sukan toshe ramin, su toshe bututun tare.

Abu guda ya wuce batun mota, ya shafi rai. Gilaikol guba ne, ga shi da zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata ƙodar yaro ko ya kashe kare da akuya. Ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa a hana kanikawa zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko mashayar dabbobi, kada kuma a ajiye shi a gorar ruwan sha. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba. Har wa yau a hana yaran mota buɗe murfi inji na da zafi, gama ruwan da ke matse yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska.

In direba ya kawo wa malamin hakimi takardar kuɗin maganin sanyi, malam ya tambaye shi yaushe aka wanke lagireto, wane ruwa ake zubawa, da shekarar da aka sake murfi. Ya rubuta amsar a littafin mota tare da kwanan wata, domin ran da aka zo gaban hakimi a kan ƙonewar inji, a wannan littafi za a duba.